Tayar da Land Rover ta Baba: Littafin Aiki daga Magazin

Asabar, 13 ga Janairu, 2024

Yau da hantsi aka jawo motar daga bayan gidanmu na Aboabo zuwa Magazin ta Suame, unguwar bakanikai da ke nan Kumasi a Ghana, bayan ta shekara 11 a ajiye ƙarƙashin rumfar kwano. Land Rover ce ƙirar Series III ta shekarar 1973, doguwar nan mai inci 109 tsakanin ƙafafun gaba da na baya, da injin fetur mai silinda 4 wanda ake kira 2.25. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya yi shekaru yana shiga da ita ƙauyukan Tonawa, wato mutanen Asante, yana ɗauko goro a lokacin damina, sa'ad da taɓo ke hana babbar mota shiga. Na buɗe wannan littafi ne domin aikin Magazin hannaye da yawa ke shiga cikinsa, kuma idan ba a rubuta ba, bayan wata uku ba mai iya cewa wane ne ya ɗaure wane noti.

Wanda na damƙa wa aikin tsohon bakanike ne haifaffen Zango, kowa Masta yake ce masa, kuma ya san motar tun yana yaron gareji. Na nuna masa yadda bodin ya tsaya sumul ba tsatsa, sai ya ce, "Malam, jikinta goran ruwa ne, ba zai gaya maka gaskiya ba. Sai an shiga ƙarƙashi." Ya kwanta a kan kwali, ya bi shasin da guduma daga gaba har baya yana sauraro. Inda ƙarfen ke da rai ƙarar tana fita tsaf, inda ya ruɓe kuwa sai ka ji ta mutu, wani wurin ma gudumar ta shige. Ƙarfen da ya gitta a ƙarshen baya ya cinye, haka ma matakan ƙafa na gaba.

Cuta biyu ne suka sa Baba ya ajiye ta: tana tafasa ruwa a kan hawa, sannan sitiyarinta yana yawo har sai direba ya riƙa kokawa da ita a miƙaƙƙen titi. Burina shi ne in kai mahaifiyata Mma garin Salaga a cikinta ta gaida danginta, ta hanyar Mampong, Ejura, Atebubu da Yeji, mu haye tafkin Volta a jirgin fito zuwa Makango. Duk gyaran da za a yi, da wannan hanya zan auna shi.

Asabar, 27 ga Janairu

Injin ya tashi. Kafin a taɓa makulli an cire fulogai, an zuba ɗan mai a kowace silinda aka bar shi kwana biyu, sannan aka juya injin a hankali da ƙarfen nan na tayarwa da ke shiga ta gaba. An wanke kafireto, an ba ta fetur daga galan saboda tankin ya cika da datti, aka daidaita bawul a kan milimita 0.25. Ta kama a karo na huɗu, ta yi hayaƙi na ɗan lokaci, sannan ta zauna. Matsin silinda huɗun ya yi kusa da juna.

Kafin azahar mutum uku sun ba ni shawara ɗaya, wato in jefar da injin in sa na dizal ƙirar Japan. Ba na ganin laifinsu, domin fetur ya yi tsada kuma wannan inji ba ya wasa da shi. Sai dai akwatin giyar wannan mota ba a yi shi don ƙarfin da ya wuce nasa ba, kuma idan aka canza inji alhali ba a san abin da ke kawo tafasar ba, sabon zai gaji cutar tsohon, tunda lagireto ɗaya za su sha ruwa. Na ce a bar shi.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Wata guda ya tafi a wajen mai walda. An yanke ruɓaɓɓen ƙarfen baya an sa sabo, an gyara matakan ƙafa, an kankare shasin an shafe shi da jan fenti sannan baƙi. An kuma canza takalman birki da silindojinsu da tiyo-tiyonsu gaba ɗaya, domin ban yarda a yi wa birki kwaskwarima ba.

Asabar, 2 ga Maris

Yau muka shiga sitiyari, kuma abin da muka gano ya canza mini fahimtar motar baki ɗaya.

Sai mutum ya san doguwar hanyar da motsin hannunsa ke bi kafin ya kai taya sannan zai gane inda yawon ke fitowa. Daga sitiyari motsin yana sauka cikin akwati, daga akwatin ya bi wata doguwar sanda zuwa gaba, ya shiga wani abu da ake kira rile, wanda ke tsaye cikin ƙarfen shasi na gaba, daga ƙasan rilen ya bi wata sandar zuwa ƙafa ɗaya, sannan tarod, wato sandar da ta haɗa ƙafafun gaba biyu, ya kai shi ɗaya ƙafar. A kan wannan hanya akwai boljoyin, wato gaɓoɓin da ke bakin sandunan, guda 6. Idan kowanne ya ɗan saki kaɗan, kafin a tara su duka sitiyarin ya zama na banza. Namu, kana iya juya shi kusan taƙi guda taya ba ta motsa ba.

Masta ya sa yaronsa a kujera ya ce ya riƙa kaɗa sitiyarin hagu da dama, shi kuwa ya bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya yana ɗora tafin hannu a kan kowace, idonsa a rufe. Huɗu daga cikin boljoyin sun mutu, wannan ba abin mamaki ba ne. Da ya kai kan rilen sai ya daɗe bai ɗaga hannu ba, can ya ce, "Malam, zo ka ba ni hannunka." Ya ɗora shi a wurin, na ji ba sandar ciki kaɗai ke juyawa ba, gidan rilen gaba ɗaya ne ke motsi a cikin shasi.

Dalilin yana cikin tarihin ƙasar nan. A 1973 Ghana tana tuƙi ne a hannun hagu kamar Ingila, don haka motar ta zo da sitiyari a dama. Ranar 4 ga Agusta, 1974 aka koma hannun dama, kuma bayan 'yan shekaru Baba ya sa aka mayar masa da sitiyarin hagu a nan Magazin. Wanda ya yi aikin ya huda ƙarfen gaba a ɓangaren hagu, ya liƙa bututu da walda ya zaunar da rilen a ciki. Ramin asali yana nan a dama har yau. Waldar ce ta tsage a zagaye, laka da baƙin mai suka rufe tsagar, shi ya sa duk sauye-sauyen boljoyin da Baba ya yi a ƙarshen shekarunsa ba su yi magani ba. Ba na zargin mai waldar ko kaɗan, aikin da ya riƙe sama da shekara 30 a hanyoyin gonakin goro ya biya kuɗinsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Baba ya rasu yana ganin ƙarfin hannunsa ne ya ragu.

Asabar, 23 ga Maris

Azumi ya rage saurin aiki, ga zafin da ke gaban damina, don haka daga safe zuwa azahar kawai ake yi. An tono tsohon bututun, an sa sabo mai kauri, an ƙarfafa shi da faranti sama da ƙasa.

Rilen kansa ya bushe ƙamas, abin da ya fito daga cikinsa ruwan tsatsa ne. Akwai wani sifirin mai ƙarfin gaske a ciki wanda ke iya fitowa da gudu ya ji wa mutum rauni, saboda haka Masta ya kori yaran gefe, ya cusa ƙarshen rilen cikin buhu ya ɗaure bakinsa, sannan ya buga sandar a hankali har muka ji abin ya faɗa cikin buhun. An canza bushin da silin, aka mayar. Cika shi da man giya lamba 90 shi ne aikin haƙuri: ana cire ƙusoshi biyu a sama, ɗaya don zuba mai ɗaya don iska ta fita, kuma man ɗigo-ɗigo yake shiga. Ƙaramin yaron garejin ya zauna a kan tsohuwar taya da sirinji a hannu, yana azumi, ya fi awa guda yana ɗiga shi har ya tumbatso. Na ba shi kuɗin buɗa-baki na musamman, domin a wannan wurin ne yawancin masu gyara ke gajiya su cusa giris su wuce.

Abin baƙin ciki ɗaya ya faru. Kowace sanda tana ɗaukar boljoyin biyu, ɗaya mai zare na dama ɗaya na hagu, domin idan aka murɗa sandar tsawonta ya ƙaru ko ya ragu. Wani mai sayar da kayan gyara ya ba ni shida duka masu zaren dama, kuma robar biyu daga ciki ta tsage tun ba a ɗaura ba. Da na mayar ya ce kayan da suka bar shago ba sa dawowa. Na yi asarar kuɗin, na saya a wani wuri, wannan karon da Masta a gefena.

Asabar, 20 ga Afrilu

Bayan Sallah mun buɗe ƙwallayen ƙafafun gaba, inda taya ke juyawa. Na dama yana da zanen tsatsa kaɗan, an goge shi, na hagu kuwa sai da aka nemo wani. A saman kowane akwai bushi da siraran faifan ƙarfe da ake ƙarawa ko a rage har taurin juyawar ya yi daidai, kuma ana auna wannan tauri ne da sikelin rataye, ya kai wajen kilo 4. Garejin ba su da sikeli, da hannu suka saba ji. Na je na aro na wani mahauci, muka maƙala ƙugiyarsa a hannun tarod muka ja. Ɓangaren da Masta ya daidaita da jin hannu ya faɗi daidai, wanda yaransa suka yi kuwa bai kai rabi ba. Daga nan aka daidaita tayoyin gaba su ɗan dubi juna da abin da ke tsakanin milimita 1.2 da 2.4.

Yanzu wasan sitiyarin bai wuce faɗin yatsa biyu ba.

Asabar, 4 ga Mayu

Tun farko niyyata in sa mata sitiyari mai aiki da matsin mai, irin na motocin zamani, har na ware kuɗinsa. Yin haka yana nufin a cire rilen, a liƙa sabon akwati a jikin shasi, a samar wa famfonsa wurin zama a jikin inji da bel ɗinsa. Yau na zagaya da ita cikin layukan Magazin, sai na ga da zarar ta fara tafiya hannu ɗaya ma yana juya ta, nauyin yana nan ne kawai idan tana tsaye ko ana ƙoƙarin fakin. Na fasa, aƙalla har bayan tafiyar Salaga. Abin da ya fi ƙarfafa mini wannan ra'ayi shi ne idan tiyon matsin mai ya fashe tsakanin Atebubu da Yeji, ban san wanda zai ɗaure mini shi ba, alhali sanda da boljoyin kowane bakanike na ƙauye ya san su.

Ƙarin da na amince da shi shi ne shokozoba ta sitiyari, wadda ake ɗaurawa a kwance tsakanin shasi da sanda, domin ta shanye bugun da rami ke aikowa hannun direba. Masta ya ƙi ɗaura ta sai da komai ya gyaru, ya ce idan an sa ta da wuri ɓoye cuta take yi.

Asabar, 18 ga Mayu

Mun koma kan ruwa. Da aka buɗe gidan tamostat, wato abin da ke tare ruwa daga shiga lagireto har sai inji ya ɗumama, ba a sami komai a ciki ba, an cire shi tun zamanin Baba, kamar yadda ake yi wa yawancin motoci a nan. Fulogan ruwa biyu na jikin inji sun huje saboda ruwan rijiya da aka yi shekaru ana zuba mata. An cire su duka aka sa tiyo aka wanke cikin injin, ruwan ya yi ta fita ja kamar ruwan goro kusan rabin awa kafin ya washe. Famfon ruwa yana da wasa, an canza shi. Murfin lagireton ma ba nata ba ne, robarsa ta ƙeƙashe, kuma murfin da ba ya riƙe matsi yana barin ruwa ya tafasa da wuri.

A kan tamostat muka sami saɓani da Masta, karo na farko tun fara aikin. Ya ce wannan abu na ƙasar sanyi ne, Ghana ba ta bukatarsa. Na ce masa, "Masta, ka fi ni sanin mota nesa ba kusa ba, amma ka ba ni dama a kan wannan." Hujjata ita ce injin yana da wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagawa ba tare da ya shiga lagireto ba, kuma idan babu tamostat ba abin da ke tsara rabon ruwan tsakanin hanyoyin biyu. Bayan haka, injin da ke daɗewa bai ɗumama ba da safe yana shan fetur yana kuma cin kansa. Ana samun mai buɗewa a digiri 82 da mai buɗewa a 74. Na sayi na 74, muka jefa shi cikin tukunyar ruwan zafi a wajen mai shayi, muka ga ya buɗe da idonmu. Masta ya ce a sa, hawan Mampong zai raba gardama.

Asabar, 8 ga Yuni

Mai gyaran lagireto dattijo ne Batone da ke jin Hausa sosai, rumfarsa ba ta fi ɗaki ɗaya ba. Ya narkar da dalmar da ta riƙe tankin sama ya ɗaga shi, ya juya bakin bututun ya fuskanci rana ya ce in leƙa. Waɗanda haske ke ratsawa ba su kai rabi ba, sauran jar laka ta toshe su ta daskare. Ya zura siririn ƙarfe a ɗaya, bututun ya yage a hannunsa, ya girgiza kai.

Zaɓi biyu ne a gabana: sabon lagireto na goran ruwa, mai araha da sauƙin nauyi, ko a saƙa sabon ciki na tagulla mai layi 4 a kan tsofaffin tankunan. Na zaɓi na biyu duk da ya fi tsada, saboda tagulla duk mai dalma a kowane gari zai iya liƙe ta, goran ruwa kuwa sai mai walda ta musamman. Da ya gama ya toshe bakunan, ya nutsar da shi cikin kwatarniyar ruwa, ya hura masa iska yana duban kumfa. Wuri ɗaya ya yi kumfa a gefen wuya, ya tsamo shi ya sake liƙewa ba tare da na yi magana ba. An cika shi da ruwan sanyaya inji na gaskiya, kuma na yi wa kaina alkawarin ba za ta ƙara shan ruwan rijiya ba sai bisa larura.

A makon nan kuma aka kammala takardunta, ta sami shaidar lafiyar hawa titi daga DVLA, hukumar lasisin motoci ta Ghana, da inshora.

Lahadi, 30 ga Yuni

Jiya muka yi gwajin farko, ni da Masta da yaro ɗaya. Ta Tafo, Pankrono, Mamponteng da Agona allurar zafi tana tsakiya, sitiyarin kuwa ya miƙe har na kama kaina ina gyara abin da ba ya bukatar gyara, saboda hannuna bai manta yadda take a da ba. Da muka wuce Jamasi muka fara hawan dutse, sai allurar ta fara tashi, kafin rabin hawan ta taɓa ja. Gabana ya faɗi. Na sami wuri na tsaya, na bar injin yana aiki.

Masta bai ce komai ba game da tamostat, abin da ya ƙara masa girma a idona. Ya nuna mini allurar fetur, wadda ke nuna mai fiye da wanda muka baro Kumasi da shi. Alluran biyu suna shan wuta ne daga wani ɗan akwati a bayan dashbod wanda aikinsa ya tsayar musu da wutar a kan bolt 10, kuma idan ya lalace dukansu sai su riƙa ƙari. To amma ba duka laifin ke kansa ba, domin na'urar auna zafi ta hannu da na zo da ita ta nuna digiri 98 a gidan tamostat. Ruwan bai tafasa ba, amma wannan ya yi yawa ga sabon lagireto. Muka ƙarasa Mampong a giya ta biyu, muka juyo.

Asabar, 20 ga Yuli

Abu biyu aka gano. Na farko, babu murfin nan da ke kewaye fanka, an jefar da shi tun da daɗewa, don haka fankar tana jan iska daga gefe maimakon ta jawo ta ta cikin lagireto. Wani maƙerin kwano ya ƙera mana sabo a kwana biyu. Na biyu, robar da ke cikin distirbuta wadda ke gaggauta wuta ta yage, sannan saitin wutar kansa ya yi baya, kuma injin da wutarsa ke zuwa a makare zafi yake yi. An canza ta, an sake saiti, an kuma sa sabon ɗan akwatin alluran.

Ƙarin da na yi a nan shi ne fankar lantarki a gaban lagireto, mai tashi da kanta idan zafi ya kai, da makunni a dashbod. Ban cire fankar inji ba. Ta lantarkin don cunkoson shataletalen Suame da Kejetia ce, inda mota ke tsayawa minti 20 ba iska. Janaretan cajin asali amfiya 34 kawai yake bayarwa, don haka an sa wanda ya fi shi, da waya mai kauri da fis nata na daban.

Yau muka sake hawan Mampong da buhunan yashi a baya a madadin kaya. Na'urar hannu ba ta wuce 88 ba a saman dutsen, kuma fankar lantarki ba ta tashi ko sau ɗaya ba. Masta ya taɓa tiyon sama, ya taɓa na ƙasa, ya ce, "To, Malam, a bar abin naka a ciki."

Lahadi, 4 ga Agusta

Yau shekara 50 cif da komawa hannun dama. Jiya na kai ta Ejura na dawo, na kuma bar kwalta na shiga hanyar gona mai laka domin in gwada ƙaramar giya. Jan sandan ƙaramar giya da rawayan maɓallin da ke sa ƙafa huɗu su ja duka suna shiga suna fita ba gardama. Mma ta raka ni har Mampong, inda ta sauka wajen wata ƙawarta. Ta zauna a gaba ta riƙe ƙarfen dashbod da hannu biyu kamar yadda take yi a da, kuma ba ta yi magana ba sai da muka gama hawan, sannan ta ce ƙarar ba ta canza ba.

Da muka dawo na ga mai yana ɗiga daga bayan akwatin ƙaramar giya, yana shiga gangar birkin hannu, shi ya sa birkin bai riƙe sosai ba a gangaren Jamasi. Za a canza silin da takalman ranar Talata. Sifirin na baya na hagu ya kwanta fiye da na dama da kusan yatsa biyu, kuma tayoyi biyu na baya, masu lamba 7.50 a kan 16, sun tsufa har gefensu ya fara tsagewa. Zan sake ɗaure ƙusoshin rile da na akwatin sitiyari bayan kilomita 500, in kuma duba sabuwar waldar da tocila. Kayan da za a tafi da su sun haɗa da fambel, tiyon sama da na ƙasa, boljoyin biyu, na dama da na hagu, da galan na ruwan sanyaya inji. Tafiyar Salaga na ajiye ta zuwa Nuwamba in Allah Ya yarda, bayan ruwan Oktoba ya ɗauke, kuma kafin nan zan aika a tambayo mini lokutan tashin jirgin fito a Yeji.